Wanda Yake Cinye Geron Inna

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Rijiyar Zaki, ni da yayana, gari bai gama wayewa ba. Masu tambayata ina na shige kwanan nan, ga amsarku: ƙauyenmu na je, can gaba da Makoda, kuma ba ziyarar daɗi ce ta kai ni ba. Ɗauko mahaifiyarmu muka je yi. Ko in ce Yaya ne ya je ɗauko ta, ni kuma na bi shi don kada a yi abin a bayan idona.

Ga yadda aka yi. Matar baffanmu, wadda katanga ɗaya ta raba gidansu da na Inna, ta kira ta ce mu zo mu ga uwarmu. Ta rame, har zanenta ya fara yi mata yawa. Geron da muke haɗawa mu aika mata, wanda a da yake kai ta watanni, yanzu kafin a ce me ya ƙare. In an tambaye ta sai ta ce lafiyarta ƙalau. Yaya bai tsaya dogon nazari ba, ya yanke cewa ko ciwo ne take ɓoyewa, ko ruɗewar tsufa ta fara kama ta. Ya sa aka share ɗaki a gidansa, aka shimfiɗa sabuwar leda, aka sa katifa. Ni kuwa na san Inna. Matar da ko bikin jikarta ta zo birni, tana kwana ɗaya za ta fara tambayar yaushe motar ƙauye take tashi. Tun da aka kai ta gidanmu na ƙauye tana amarya ba ta san wani wuri ba, kuma a nan Baba ya rasu ya bar ta. Na tabbata in aka tuge ta daga can, ba za ta daɗe ba. Amma in da gaske yunwa ke cin ta ita kaɗai a ɗaki, ba ni da bakin da zan hana Yaya. Da wannan damuwa na shiga hanya.

Yaya yana da mota, in za a kira abin da ke lulluɓe da tamfol a ƙofar gidansa mota. Tun da mai ya yi tashin nan ba ta motsa ba, kajin maƙwabta har sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Don haka adaidaita muka hau zuwa tasha, muka shiga bas ta Ɗambatta muka zauna jiran ta cika. A da kana zama ake tashi. Yanzu mutane ba sa tafiya sai dole, sai da rana ta fito sosai kwandasta ya samu na ƙarshe, ya cusa shi a inda ni dai ban ga wurin zama ba. Da aka faɗi kuɗin mota wata tsohuwa mai kwandon kaji ta tambaya ko har Makka za a kai mu. Aka yi dariya, aka biya.

Direbanmu yana da wata dabara da ban taɓa gani ba sai a shekarun nan. Duk inda hanya ta ɗan gangara sai ya kashe inji, motar ta riƙa silalewa shiru, mu kuma mu riƙa jin numfashin juna. Hirar cikin mota ba ta wuce abu biyu ba, tsadar taki da tsadar hatsi. Wani dattijo a bayana ya ce bana kashin awakinsa ya fi awakin daraja a wurinsa. Muna wuce Dawanau gari ya buɗe. Ƙarshen bazara ne, zafi tun da safe, gonaki duk an share su an ƙone sharar, an jera tulin taki ana jiran ruwa. Jakuna da mangala suna ta kai da kawowa. Gawo ya fara zubar da ganye, wanda mutanenmu ke ɗauka alamar damina ta matso. Abu ɗaya kawai na ga yana araha a hanyar nan, mangwaro, an tara shi a bakin titi kamar ba a so.

Mun iske Ɗambatta ranar kasuwa. Muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha, ƙosan da in ka yi hamma yana hannunka za ka iya haɗiye shi ba ka sani ba. Mai suyar ta ga ina juya shi, ta ce in yi haƙuri, wake ne ya hau. Na ce ai na ga alama, har ya bar ƙosan a ƙasa. Muka shiga layin 'yan hatsi. Wurin da na san ana auna kwano-kwano, yanzu gwangwanin madara ke aiki, kuma masu sayen manoma ne, mutanen da a da su ke kawowa su sayar. Za ka ga mutum ya janyo akuya ta wannan ƙofa, anjima ka gan shi ya fita ta waccan da ɗan ƙullin dawa a kafaɗa. Yaya ya ce babu amfanin sayen hatsi tunda da Inna za mu dawo. Na yi kamar ban ji ba, na sa aka auna mini gero, na haɗa da kuka da daddawa da busasshen kifi da ɗan manja. Ya sha kunu, amma shi ya ɗauki kayan.

Daga nan sai acaba. Babura biyu muka ɗauka, muka bi ta Makoda muka sauka daga kwalta muka shiga burtali, shingen aguwa dama da hagu, rairayi yana jan taya. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce ƙauye ɗaya ne tun daga titi har inda ido ya tsaya, domin gona tana jikin gona, gida yana kallon gida, babu tazarar da za ka kira daji. Kuka, ɗorawa, darbejiya, rijiya, sai wani gidan. Ɗan acabana kuwa ba ya wuce mutum bai ɗaga masa hannu ba, ni ina baya ina karanta duk addu'ar da na sani.

Inna tana zaune a inuwar rumbu muka yi sallama. Ta muryarmu ta gane mu kafin mu ƙaraso, domin idonta ya daɗe da yin hazo, kusa kawai take gani. Da na durƙusa na riƙe hannunta na tabbatar da abin da aka faɗa mana. Matar Baffa ba ta yi ƙari ba. Hannun ya zama ƙashi da jijiya, wuyanta ya zurma. Na juya kai na yi kamar ina gyara mayafi don kada Yaya ya ga idona, tunda na san hujja zai ƙara da shi.

Sai dai maganar ruɗewa babu ita. Ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tuna wanda ya karye a bara, ta tambayi ko na daina saurin fushi, ta kuma amsa wa kanta cewa ba ta ga alama ba. Na tuƙa tuwo da miyar kuka da kifin nan. Ta ci loma kaɗan ta ture, wai cikinta ya saba da kaɗan. Na leƙa buhun da muka aiko kwanan baya, na same shi a kwance, saura abin da bai taka kara ya karya ba.

Bayan la'asar Yaya ya faɗa mata abin da ya kawo mu. Ya yi maganar da ladabi, ya kawo batun asibiti, da jikoki, da ɗakin da aka gyara. Na shirya jin faɗa, har ina fatan ta yi. Sai ta kama murza bakin zaninta.

“In kun ce in tafi, ai sai in tafi,” in ji ta. “Ku ne manya yanzu.”

Wannan sallamawar ta fi tayar mini da hankali a kan duk wata gardama. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fara ninke kayanta. Can daga ciki muka ji ta tana tambaya, kamar da kanta take, wa zai riƙa zuba wa tsuntsaye.

Sai in yi muku bayani. A bayan ɗakin Inna akwai 'yar garka da aka kewaye da dangar kara, inda take shuka kuɓewa da yakuwa da damina. Tun da Baba ya rasu ta ajiye kasko a gindin darbejiyar da ke wurin, da tsingaron ruwa a gefe. Kullum da safe takan zuba tafin gero, ta yi niyyar sadaka Allah ya kai ladan kabarinsa. Tsofaffinmu da yawa suna yi, musamman da bazara lokacin da tsuntsu ba ya samun ƙwaya a ƙasa. Mun san da wannan, ba mu taɓa ɗaukarsa komai ba. Tafin gero ne. Kuma ba ta son a bi ta wurin, tana cewa sadaka ba ta son ido, shi ya sa ko mutanen gidan Baffa ba sa leƙa garkar.

Washegari da sassafe na bi ta da butar ruwa, ta ƙyale ni, ina jin don tana ganin saura ƙiris ta bar wurin. Abin da na fara lura da shi, ba tafi ta zuba ba. Gwangwani ta cika ta juye. Na tambaye ta, ta ce ai tsananin nan har tsuntsaye ya shafa. Wai tun bara suka ƙaru, tana zubawa kafin ta juya sun cinye, sai ta ƙara da hantsi, ta ƙara da yamma. Ta faɗi haka fuskarta da haske, ta ce ita a ganinta alama ce ana karɓa. Ta shafa gefen kaskon ta koma ciki.

Ni na tsaya, ba don wani bincike ba, don a nan ne kawai wayata ta kama sabis. Ina zaune a kan gungume ina duba saƙonni na ji motsi a ƙarƙashin danga. Kai ya fara leƙowa, sai jiki, sai wutsiya buzu-buzu. Kurege ne, ƙato, gashinsa har sheƙi yake. Ya miƙe a kan ƙafafun baya ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ba ni da wani amfani, ya wuce kai tsaye ya shiga cikin kaskon ya zauna. Kafin in rufe baki na biyu ya fito, sai wasu ƙanana a bayansa. Suna ci, suna cika baki su ruga rami su dawo. Na ɗaga kai, ga kurciyoyi da gwara a jere a reshen darbejiya suna kallo. Wata kurciya ta yi ƙarfin hali ta sauko, babban ya zabure ta, ta koma inda ta fito. Kafin rana ta taɓa danga, kaskon ya zama fes, kamar an wanke.

Ban san lokacin da na fara dariya ba, dariyar da ta ƙare da hawaye. Sati nawa muna kwana da tunanin ciwon daji, da ciwon suga, da taɓin hankali, ashe uwarmu gidan kurege take ciyarwa da abincin bakinta. Na je na janyo Yaya daga zaure ba tare da bayani ba, na sa ya ɓuya a bayan rumbu, na zuba ɗan gero. Ba su ba ni kunya ba. Yaya ya tsaya baki buɗe, can ya sunkuya neman dutse.

Faɗa wa Inna ne ya fi wuya. Na zauna kusa da ita na bi a hankali, ina tsoron kada ta ji an mayar da sadakarta abin dariya. Ta saurara har na gama. Ba ta yi maganar geron da ya salwanta ba, ba ta yi maganar ramarta ba.

“To su tsuntsayen,” ta ce, “duk tsawon lokacin nan me suke ci?”

Ta sunkuyar da kai, sannan ta ce dama ta yi mamakin yadda suke ci shiru, amma ta ɗauka kunnenta ne ya fara bin idon.

Labari ya kai wa Baffa, ya shigo da zafinsa. Shi da kurege tsohuwar gaba ce, domin duk shekara yana shuka gyaɗa suna bin layi suna tonewa. Ya ce yanzu ya gane dalilin da na unguwar nan suka fi na ko'ina ƙiba. Ya kawo shawarar tarko, Yaya ya kawo ta maganin ɓera, Inna ta ce ba a garkarta ba. Wurin da take sadaka ba za a zubar da jini ba, kuma guba ba ta san bakin kurege da na kurciya ba. Ni na ce na taɓa jin cewa tsuntsu ba ya jin yaji, a kwaɓa geron da garin barkono. Ta juyo da fuskarta wajena ta tambaye ni ko ni in an ba ni sadaka da mugunta a ciki zan gode. Baffa ya ƙara da cewa da tsadar barkonon bana gara a ba kuregen geron.

Saura dabara ɗaya, a ɗaga kaskon daga ƙasa. Muka kife turmi muka ɗora shi a kai. Tsalle ɗaya babban ya yi, har ya fi jin daɗin wurin don yana hango mai zuwa. Muka ɗora a kan tsohuwar randa, ya bi ta jikin danga ya diro. Yaya, mutumin da ya zo da farar shadda zai ɗauki tsohuwa ya juya, ya tuɓe ya saura daga shi sai singileti, yana zagaye garka da sanda yana zufa. In ya tsaya gadi ba sa fitowa, tsuntsayen ma ba sa saukowa. In ya shiga shan ruwa kafin ya dawo an gama. Na ce masa ko dai shi za mu bari a nan mu tafi da Inna. Bai yi dariya ba.

Da yamma Baffa ya saro doguwar gwafa mai baki uku, muka kafa a tsakiyar garka nesa da danga, kasko ya zauna daram a bakinta. Muka koma gefe muna jin mun gama. Kuregen ya zagaya ta, ya dafa, ya haye kamar don shi aka sa matakala. Ranar na kwanta da baƙin ciki, domin ƙullin kayan Inna yana nan a bakin ƙofa, kuma Yaya ya riga ya yi magana da mai motar da zai zo ɗaukarmu. Ya ce mini a fili, in ba a raba geron da kurege ba, Inna ba za ta daina ƙarawa ba, shi kuma ba zai bar ta ta ƙare a kan kasko ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Da safe muna tsaye a kan gwafar kowa yana faɗin tasa, Inna ta fito tana lalube da sandarta. Ta shafa itacen daga sama har ƙasa. Ta ce a zamaninsu in ɓera ya matsa wa ragaya, wato igiyar da ake rataye ƙwaryar abinci a ɗaki, sai a huda wata ƙwaryar a zura a igiyar a kife, in ya biyo ya zame ya faɗo. Ta ce wannan tunda daga ƙasa yake hawowa, cikin abin zai ci karo da shi. Ƙwarya za ta yi ƙanƙanta, in ji Baffa, kuma zai gwigwiye ta. Ni na tuna da wani tsohon daro da na gani a bayan madafa, fentinsa ya ɓare, tsatsa ta huda gindinsa. Inna ta ce na kayan aurenta ne, amma ta ce a ɗauko.

Aka tuge gwafar, Baffa ya faɗaɗa hujin da guduma, aka zura daron ta gindin itacen a kife, aka buga ƙusoshi a ƙarƙashi suka riƙe shi. Yaya ya ɗauki dagi zai ƙara zurfin rami, sai ya tsaya. Ya ce Inna ta matso ta tsaya a jikin itacen, ta ɗaga hannu kamar za ta zuba gero. Ta ɗaga. Ya yi alama da farce daidai inda hannunta ya kai ba tare da ta yi ɗage ba, ya koma ya ci gaba da haƙa har tsawon ya zo daidai ita. A nan na sauke ajiyar zuciyar da na riƙe tun daga Rijiyar Zaki, domin ba a auna abu da tsawon mutumin da za a tafi da shi.

Babban kuregen bai ɓata lokaci ba. Ya zo ya kama hawa da gadararsa, kansa ya daki cikin daro, ƙarar har zaure. Ya sauko ya zauna yana kallon abin, ya sake, ya sake. Ya gwada kamo bakin daron, santsi ya zubar da shi. Ya hau danga ya auna tazarar, ya fasa. Baffa, dattijo mai furfura, yana tafa hannu kamar a filin dambe. Tsuntsayen kuwa ranar ba su sauko ba, sabon abu ya tsorata su, geron ya yini a sama ba wanda ya taɓa. Inna ta je ta laluba da yamma, ta dawo, tuwon ma ba ta kalle shi ba.

Sai washegari. Na shimfiɗa mata tabarma a bakin garka muka zauna, Yaya yana tsaye a bayanmu. Gwara ce ta fara dira, ta tsinci ɗaya ta gudu. Ta dawo da 'yan uwanta. Can sai kurciyoyi, fuka-fukai fat-fat-fat, kasko ya cika, wasu a bakin daro suna jiran layi, wasu a tsingaron ruwa, hayaniya kamar gidan suna. Inna ba ta ganinsu, ta karkatar da kai tana saurare, leɓenta yana motsi da addu'a. Hawaye ya gangaro mata ba ta share ba.

“Ashe kunnena lafiya lau,” ta ce. Sannan ta taɓa gwiwata. “Akwai sauran furar jiya?”

Na tashi da sauri har na yi tuntuɓe da buta. Ta shanye kofi, ta miƙo aka ƙara. Da yamma ta je ta sa hannu a kaskon ta tarar da ragowar gero, domin cikin tsuntsu nawa yake. Ita da bakinta ta ce tafi ɗaya ya isa, kamar da. Sai dai ba ta bar kuregen haka ba. Ta ce shi ma baki gare shi, ga 'ya'ya, don haka ɓarɓashin da ke zuba a gindin turmi in an yi surfe za ta riƙa sharewa ta kai masa bakin rami. Baffa ya ce to ta faɗa masa ya bar masa gyaɗarsa. Yaya ya kira mai mota ya ba shi haƙuri, sannan ya nemi Inna ta yi masa alƙawarin cewa bayan shuka za ta zo a duba mata ido, ta koma gidanta. Ta amince, da sharaɗin matar Baffa za ta riƙe mata kaskon kafin ta dawo. Ƙullin kayan ban ga lokacin da aka kwance shi ba, na dai ga zannuwan sun koma cikin akwati.

Ranar da za mu taho hadari ya haɗu a gabas, iska mai ƙanshin ƙasa tana kaɗawa, mutane sun fito da sungumi suna duban sama. Inna ta rako mu har bakin burtali, ta cusa mini ƙullin busasshiyar kuɓewa, ta ce wa Yaya ya riƙa motsa jiki don ta ji yadda yake haki a bayan kurege. A Ɗambatta bas ta cika da wuri, yayyafi ya tare mu a hanya, direba ya riƙa goge gilashi da tsumma don abin share ruwan ya mutu tun bara. Yaya ya yi barci kansa a jikin taga. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin matsin mota irin na ranar ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Aika buhu daban, zuwa ka zauna a tsakar gidan tsohonka ka ga yadda safiyarsa take wucewa daban. Daga birni, ta waya, mun gama yanke wa Inna ciwo, mun gama yanke mata magani, saura kaɗan mu raba ta da gidanta a kan abin da tsohon daro ya warware. Masu iyaye a ƙauye, kafin ku gyara musu ɗaki a gidajenku, ku je ku kwana a nasu.

Mun shigo gida dab da magariba. Ina ajiye jaka na kira matar Baffa in ce mun sauka lafiya, na roƙe ta ta miƙa wa Inna wayar. Na ji takunta, na ji ta yi sallama, na ji ƙarar kwano. Can sai muryar Inna daga nesa, a cushe.

“Ki ce mata tuwo nake ci. Ta kira anjima.”